KATANGA, DANGA DA SHINGE: ABIN DA YA DACE DA KOWACE ƘASA

Kowace shekara, idan damina ta yi tsakiya, akan sami katangu masu yawa sun zube cikin birane da ƙauyukan Arewa. Wani lokaci hasarar takan tsaya ga dukiya, wani lokaci kuwa katangar takan danne awaki ko yara da ke wasa a gindinta. Mutane sukan ce ruwa ne ya yi yawa. Amma idan aka duba da kyau, sau da yawa za a tarar tun ranar da aka haƙa harsashi aka yi kuskuren, domin an yi wa ƙasar ginin da bai dace da ita ba. Saboda haka ya kamata kowane mai gida, kafin ya sayi bulo ko ya sa a kwaɓa ƙasa, ya san abu biyu: irin ƙasar filinsa, da yawan ruwan da garinsu ke samu.

RUWA DA ISKA

Ruwan sama ba ɗaya yake ba ko'ina. A shekara Sakkwato takan sami wajen inci 25, Zariya fiye da inci 40, Jos kuwa fiye da inci 50. Katangar ƙasa da za ta daɗe a Sakkwato da ɗan gyara kaɗan, a Jos sai an kula da ita kowace shekara. Har wa yau, hadarin farkon damina daga gabas yakan taso da iska mai ƙarfi, shi ya sa fuskar katanga ta gabas ke riga sauran zaizayewa. Ita ce ya kamata a fi yi wa yaɓe mai kyau. Da hunturu kuma iska takan bushe kome, danga ta zama abincin wuta.

YADDA AKE GANE ƘASA

Ba sai an kira ma'aikaci ba. Mai gida ya haƙa rami mai zurfin ƙafa 2 a inda katangar za ta bi, ya ɗebo ƙasar ƙarƙashi, ya jiƙa ta, ya murza ta a tafin hannu kamar mai tufka. Idan ta wargaje, jigawa ce. Idan ta miƙe ta yi tsawo, tana danƙo, kuma ta tsattsage bayan ta bushe, laka ce. Idan ta haɗu, tana da 'yar tsakuwa, ba ta tsage sosai ba, wannan ita ce ƙasar gini. Sa'an nan ya cika ramin da ruwa da maraice. In gari ya waye ruwan yana nan kwance, to, wurin yana riƙe ruwa, kuma harsashi zai sha wuya da damina.

Jigawa ba ta riƙe ruwa, amma ruwa mai gudu yakan kwashe ta daga gindin gini. Laka takan kumbura da damina, ta tsuke da rani, tana ɗaga katanga tana saukewa har ta tsage. Mafi tsananin irinta ita ce baƙar ƙasar firki ta wajen tafkin Chadi. Jar ƙasa mai burji da marmara su ne suka fi ɗaukar nauyi.

KATANGAR ƘASA

Inda akwai jar ƙasa, kuma ruwa ba ya kwanciya, katangar tubali tana da araha da sanyi. Magabata sun san sirrinta. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara ta zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, an yi ta da faɗin gindi, tana sirancewa zuwa sama. Haka ya kamata katangar gida ta zama: mai tsawon ƙafa 7 ko 8 ta sami kauri wajen ƙafa 2 a ƙasa.

A kwaɓa ƙasar da ramno, a bar ta ta kwana tana ruɓa kafin a yi tubali, kuma kada a ɗora tubalin sai ya bushe sarai. A riƙa gini ɗauri ɗauri, ana barin na ƙasa ya sha iska kafin a hau da na sama. Lokacin wannan aiki shi ne bayan kaka, domin ginin ya bushe tun damina tana nesa. A zagaye kan katangar yadda ruwa ba zai zauna ba, a yi mata yaɓe da makuba. Kuskure ne a shafa siminti kai tsaye bisa ƙasa, gama ba su kama juna. Simintin yakan ɓamɓaro, ruwa ya shiga bayansa yana cin ginin a ɓoye.

Gindin katanga shi ne ranta. Inda ake da dutse, a yi harsashi da shi har ya ɗago ƙafa guda bisa ƙasa. A cika gindin da ƙasa ta gangara waje, a buɗe rariya inda ruwan tsakar gida zai fita, a yi mata baki da dutse ko siminti.

KATANGAR BULO

Mutane da yawa suna zaton bulo ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa, kuma ya fi ƙasa nauyin bugu. Abu uku ke ka da shi: bulo marar siminti, harsashi marar zurfi, da rashin ginshiƙai.

Mai saye ya gwada bulon: idan ya murza gefensa da yatsa yashi ya zubo, ko ya sake shi daga tsawon ƙugu ya farfashe, kada ya saya. Bulo yana bukatar a riƙa ba shi ruwa har kwana 7 bayan an buga shi, tun ba da hunturu ba.

A ƙasa mai ƙarfi, zurfin harsashi ƙafa 2 ya isa. A jigawa ko laka a kai ƙafa 3 ko fiye, har a taras da ƙasa mai tauri. Faɗin ramin ya zama ninki uku na kaurin bulon. A zuba kankare a ƙasansa: kwano 1 na siminti, 3 na yashi, 6 na tsakuwa. A kafa ginshiƙi mai rodi kowace ƙafa 10, da kowace kusurwa, da gefen ƙofa. A laka, a ƙara ɗaurin kankare mai rodi bisa harsashin, a kuma yanke doguwar katanga kashi kashi da ɗan tsagi a tsakani, domin idan ƙasa ta motsa kada duka ta tafi tare. Inda fili ya gangara, a bar ƙananan kafofi a jeri na ƙasa. Katangar da ta tare hanyar ruwa ta zama madatsa, kuma ba a gina ta don wannan nauyi ba.

DANGA DA ZANA

Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ko wanda filinsa fadama ne, kada ya raina danga. Darnin kara ko zanar gamba ba su da nauyin da zai nutse, kuma in sun faɗi ba su kisa. Maƙiyansu su ne gara da wuta da iska. A zaɓi shisshike na itacen da gara ba ta cika ci ba, kamar ƙirya ko giginya. A babbake gindinsa ko a shafa masa baƙin mai, a binne shi zurfin ƙafa ɗaya da rabi, a daddanna ƙasar. Tsakanin shisshike da shisshike kada ya wuce taku 2. A ɗaure tanka uku, sama da tsakiya da ƙasa, a kuma ɗaga zanar kaɗan kada ta taɓa ƙasa. Lalle ne murhu da rumbu su yi nesa da danga, a kuma share busasshiyar ciyawa daga gindinta da zarar kaka ta wuce.

SHINGE MAI RAI

Wannan shi ne shingen da ruwa ke ƙara wa ƙarfi. A jigawar arewa, wajen Sakkwato da Katsina da Daura, aguwa da dashi suna kamawa daga reshe. Akan dasa su a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka. Bini da zugu yana yi a wurare da yawa, dabbobi kuma ba su cinsa, amma 'ya'yansa guba ne, sai a tsare yara. A tsaunukan Jos an daɗe ana kewaye gida da gona da kerana. Ruwanta yana ɓata ido, saboda haka a yi hankali wajen sara. Zogale da lalle kuwa suna ba gida miya da kuɗi, sai dai suna bukatar danga ko waya ta tsare su daga awaki har su yi ƙarfi. Amma kada a dasa dogon yaro kusa da katanga, domin saiwarsa takan ɗaga harsashi.

IYAKA DA MAƘWABCI

Katangar da ta shiga filin wani da taku ɗaya ta isa ta raba zumunci na shekaru. Kafin a haƙa rami, a kira maƙwabci da mai unguwa, a ja igiya kowa yana gani. Wanda ke da takardar fili ya bi duwatsun safiyo. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birane suna hannun Gwamnan jiha, saboda haka mai gini a birni ya nemi izinin hukumar tsara gari, kada ya ci hanya ko magudanar ruwa a zo a rushe masa. Haram ne kuma ga zaman tare mutum ya juya rariyarsa zuwa gindin katangar wani.

DUBAWA KAFIN DAMINA

A cikin watan Afrilu, mai gida ya zagaya katangarsa ciki da waje. Ya toshe tsagi, ya sabunta yaɓe, ya cike gindin da ya zaizaye, ya yashe rariya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka yake. Katangar da ta karkata, ko ta rabu da ginshiƙinta, ba ta gyaruwa da tokara. A hana yara da dabbobi zama a gindinta, a sauke ta da hannu tun ruwan Agusta bai sauke ta a kan mutane ba.