Tafiyar jirgin sama mafi gajarta a duniya: Daƙiƙa 90 tsakanin tsibirai biyu

A arewacin Sikotland, cikin rukunin tsibiran Orkney, akwai ƙananan filayen jirgin sama guda biyu da mashigin teku kaɗai ya raba su. Ɗaya yana tsibirin Westray, ɗayan kuma a Papa Westray. Nisan da ke tsakaninsu kilomita 2.7 ne kacal, wato bai kai ko tsawon titin da jirage ke gudu a kai kafin su tashi a filin Heathrow na Landan ba. Amma kamfanin Loganair yana jigilar fasinjoji a wannan ɗan taƙi tun 1967.

A lissafin kamfanin, tafiyar ba ta wuce minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Zaman jirgin a sama kuwa yakan kasance kusan minti guda, kuma iska ce ke yanke hukunci. Idan ta biyo bayan jirgin sai ta ingiza shi, idan ta tare gabansa sai tafiyar ta ɗan ja. Lokaci mafi ƙanƙanta da aka taɓa yi shi ne daƙiƙa 53, a hannun matuƙi Stuart Linklater, wanda ya bi hanyar fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013.

A nan ne lissafin da aka saba yi, na raba nisa da gudun jirgi, yake rasa amfani. A doguwar tafiya jirgi kan shafe mafi yawan lokacinsa yana tafiya a miƙe can sama. A wannan kuwa babu miƙewa. Da zarar ƙafafun jirgin sun bar ƙasa, matuƙi ya fara shirin sauka, domin filin da ya nufa yana gabansa yana kallo.

Mai karatu na iya tambaya ko wannan ba almubazzaranci ba ne, tunda akwai jirgin ruwa. Gaskiyar ita ce, wannan zango ɗaya ne a cikin zagayen da ƙaramin jirgin Britten-Norman Islander, mai ɗaukar fasinja takwas, yake yi daga Kirkwall, babban garin Orkney, ya biya ta tsibiran biyu sannan ya koma. Ga mazauna Papa Westray, waɗanda yawansu bai kai 100 ba, shi ne hanya mafi sauri ta zuwa asibiti, kuma a cikinsa malaman makaranta da ma'aikatan lafiya ke iso musu, musamman da hunturu idan teku ta harzuƙa. Shi ya sa majalisar tsibiran Orkney take tallafa wa jigilar da kuɗin hukuma.

Masu yawon buɗe ido ma sukan hau don marmari. Wasunsu kuma sukan wuce Knap of Howar, wani gidan dutse a Papa Westray da ya haura shekara 5,000 da ginawa.