Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Holand Ke Cin Ribar Tsofaffin Jiragen Dako

A kowace shekara, daga watan Afrilu zuwa na Oktoba, ɗimbin masu yawon shaƙatawa daga Jamus da Amurka da Ingila da wasu ƙasashe sukan biya kuɗi masu kauri domin su kwana a cikin jiragen ruwan da a da hatsi da yashi da kwal suke ɗauka, su kuma wuni suna tuƙa keke a kan jingar da aka gina don tare ambaliyar teku a lardin Zeeland da ke kudu maso yammacin ƙasar Holand. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a cikin wannan sana'a shi ne cewa kusan duk kayan aikinta an samar da su ne tun da farko domin wata buƙata ta dabam. An ƙera jirgin don dakon kaya, an gina jingar don ceton rai, an shimfiɗa hanyar keken don 'yan makaranta da ma'aikata, sai masu jari suka haɗa ukun suka mai da su haja.

Tsarin tafiyar mai sauƙi ne. Fasinja yakan shiga jirgi a wani birni kamar Rotadam ko Dordrecht, a ba shi ɗaki da keke na tsawon mako guda. Da safe bayan karin kumallo, sai ya ɗauki guzurin rana ya hau kekensa ya yi tafiyar kilomita 30 zuwa 50, ko shi kaɗai da taswira, ko a cikin ayari tare da jagora. A daidai wannan lokaci jirgin yana bin hanyar ruwa zuwa garin da za a yada zango na gaba, inda fasinjojin za su tarar da shi da yamma, an riga an shirya abincin dare. Wanda ya gaji, ko kuwa aka wayi gari da ruwan sama, yana iya zama a jirgi ya huta. Ta haka matafiyi yake kwana a gari dabam kowane dare ba tare da ya sake ɗaure kaya ba. Kuɗin mako guda ga mutum ɗaya yawanci yakan haura Yuro 1,000, kuma a kan biya ƙari idan ana son keke mai batir.

Asalin jiragen

Ƙasar Holand ita ce ta fi kowace ƙasa a Turai yawan jiragen dako na koguna, tana kuma da hanyoyin ruwa na sama da kilomita 6,000. Shekaru da dama, iyalai ne ke riƙe da wannan sana'a, miji da mata suna zaune a cikin ƙaramin jirgi mai tsawon mita 38 zuwa 55 wanda ke ɗaukar tan 350 zuwa 600. Da aka faɗaɗa hanyoyin ruwa, sai manyan jirage masu tsawon mita 110, waɗanda ke ɗaukar kimanin tan 3,000, suka karya farashin dako, domin kuwa ma'aikata kaɗan ne ke tuƙa su, alhali kayan da suke ɗauka sun ninka na ƙaramin jirgi sau biyar ko fiye. A shekarar 1989 Tarayyar Turai ta ɓullo da shirin biyan masu jirage diyya domin su farfasa tsofaffin jiragensu a rage cunkoson kasuwa, sannan zuwa shekarar 2000 aka soke tsohon tsarin rabon kaya bi da bi wanda ya daɗe yana kare ƙananan masu jirgi.

Wasu daga cikin jiragen da suka tsira daga masu sayen tsohon ƙarfe su ne aka yi wa kwaskwarima. A ramin da ake zuba kaya aka yanka ɗakunan kwana, kowanne da makewayinsa, aka gina ɗakin cin abinci a sama, aka kuma keɓe fili a bisa jirgin don jera kekuna. Ƙanƙantar da ta zama wa jirgin illa a kasuwar dako ita ce ta zama masa alheri a sabuwar sana'ar, saboda yana iya shiga tsofaffin tashoshin da ke tsakiyar gari, inda babban jirgi ba shi da wurin juyawa.

Ƙasar da aka ƙwato daga teku

Ma'anar sunan Zeeland ita ce ƙasar teku, kuma lardin, mai mutane kimanin 390,000, tarin tsibirai ne a bakin da kogunan Rhine da Meuse da Scheldt suke kwarara cikin Tekun Arewa. A daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu na shekarar 1953, guguwa ta haɗu da cikar teku ta fasa jingogi, ruwa ya hallaka mutane sama da 1,800 a ƙasar, lardin Zeeland kuwa shi ne ya fi jin jiki. Sakamakon wannan bala'i gwamnati ta ƙaddamar da gagarumin aikin madatsun ruwa da aka fi sani da Delta, wanda ya toshe yawancin mashigan teku ya kuma haɗe tsibiran da hanyoyi. Madatsar Veerse Gat ta shekarar 1961 ta samar da tafkin Veere, ta Brouwersdam kuwa a shekarar 1971 ta samar da tafkin Grevelingen mai ruwan gishiri. Gadar Zeeland mai tsawon mita 5,022 an buɗe ta a shekarar 1965. Waɗannan ayyuka ne suka ba jiragen yawon shaƙatawa ruwa kwantacce, suka kuma ba masu keke hanyar tsallakawa daga tsibiri zuwa tsibiri.

Jirgin da ya taso daga Dordrecht yakan bi ta garin Willemstad, ya ratsa ƙofofin ruwa na Volkerak, inda ake rufe jirgi a tsakanin ƙofofi biyu a daidaita tsawon ruwa kafin ya wuce, sa'annan ya isa tsibirin Schouwen-Duiveland. A can masu keke sukan ziyarci gidan tarihin ambaliyar 1953 da ke kusa da ƙauyen Ouwerkerk, wanda aka kafa a cikin manyan akwatunan kankare huɗu da aka toshe ɓarakar ƙarshe da su, kafin su kwana a tsohuwar tashar Zierikzee. Washegari ne ake yin tafiyar da yawancin fasinjoji suka fi ɗoki, wato tsallake madatsar Oosterschelde mai tsawon kusan kilomita 9, teku a hannun dama, mashigin ruwa a hannun hagu.

Labarin wannan madatsa darasi ne na tattalin arziki. Da farko an tsara a toshe mashigin gaba ɗaya, abin da zai mai da ruwan gishiri ya zama na daɗi, ya kuma kashe sana'ar garin Yerseke, cibiyar kiwo da cinikin halittun ruwa masu ɓawo irin na ƙumba, waɗanda ake kai wa kasuwannin Beljiyam da Faransa. Masunta da masu kare muhalli suka tayar da ƙayar baya, har gwamnati ta sauya tsari a tsakiyar shekarun 1970, ta gina madatsa mai ƙofofin ƙarfe 62 waɗanda ke buɗe kullum, ba a rufe su sai an yi hasashen ruwa zai haura mita 3 bisa ma'aunin da aka saba. Sarauniya Beatrix ce ta buɗe ta a ranar 4 ga Oktoba, 1986, bayan an kashe kuɗin da ya kai kimanin Yuro biliyan 2.5. Tsadar ta yi yawa, amma sana'ar Yerseke ta rayu, mashigin ya zama gandun da gwamnati ke karewa tun shekarar 2002, ita kanta madatsar kuma ta zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su zo gani.

Daga nan ayarin yakan gangara tsibirin Walcheren, ya yada zango a Veere, garin da ya yi arziki da cinikin gashin tumaki daga Sikotland tun shekarar 1541, sa'annan ya bi hanyar ruwan da aka haƙa a shekarar 1873 zuwa Middelburg, babban birnin lardin. Manyan gidajen attajirai da rumbunan da ke bakin tashar birnin sun samo asali ne daga cinikin ƙetare, ciki har da mafi muninsa. Kamfanin kasuwanci na Middelburg, wanda aka kafa a shekarar 1720, ya yi safarar dubban bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa nahiyar Amurka, kuma takardunsa suna nan a adane, hukumar UNESCO ta sanya su cikin kundin tarihin duniya a shekarar 2011. A watan Disamba na shekarar 2022 Firayim Minista Mark Rutte ya nemi gafara a madadin gwamnati dangane da rawar da ƙasar ta taka a cinikin bayi.

Lissafin riba da asara

Ƙarfin wannan sana'a ya dogara ne a kan hanyoyin da mai jirgi bai kashe ko sisi wajen gina su ba. Holand ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kekunanta sun fi mutanenta yawa, kuma tana da dubban kilomitoci na hanyoyin da aka ware wa keke kaɗai. Haka zalika akwai tsarin ba mahaɗar hanyoyi lambobi, wanda wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Hugo Bollen ya ƙirƙiro a lardin Limburg na Beljiyam a shekarar 1995, daga baya ya bazu a Holand. Baƙon da bai iya harshen ƙasar ba yana iya rubuta jerin lambobi a takarda ya bi su har masauki, wannan kuwa ya rage wa kamfanoni kuɗin ɗaukar jagora. Keke mai batir, wanda tun daga shekarar 2020 ya kai kimanin rabin sababbin kekunan da ake sayarwa a ƙasar, ya buɗe kasuwar ga dattawan da suka yi ritaya, masu lokaci da kuɗi, waɗanda a da iskar bakin teku ke hana su.

Duk da haka ribar ba ta zuwa a sama. Alal misali, jirgi mai gado 24 da ya yi aiki na makonni 28 yana da gurbi 672 ne kacal da zai sayar a shekara, daga cikinsu kuma zai biya albashin matuƙi da mataimakinsa da kuku da masu hidima, da kuɗin mai da inshora da na tsayawa a tasha, da la'adar dillalan da ke samo masa fasinja, da kuma gyaran da ake yi lokacin sanyi sa'ad da jirgin ke ɗaure ba ya kawo komai. Buhun hatsin da bai sayu yau ba ana iya ajiye shi zuwa gobe, amma gadon da jirgi ya tashi da shi babu kowa ya zama asara har abada. Wannan ne ya sa masu jirage da yawa suka gwammace su ba kamfanin yawon buɗe ido hayar jirgin baki ɗaya na tsawon kakar, su karɓi kuɗi tsayayye, kamfanin ya ɗauki kasadar cika gadaje. Annobar korona ta shekarar 2020 ta nuna girman wannan kasada, yayin da rufe iyakoki ya hana baƙin ƙetare zuwa, alhali bashin banki da kuɗin inshora ba su tsaya ba. Ga kuma dokokin Tarayyar Turai kan lafiyar jiragen fasinja, musamman na kariya daga gobara, waɗanda cika su ke da tsada ga tsohon jirgi. Yanayi ma yana da nasa hukuncin, domin idan iska ta yi ƙarfi a kan buɗaɗɗen ruwa, matuƙi yana da ikon sauya hanya ko ya ƙi tashi.

Su ma garuruwan da ake yada zango suna da nasu lissafin. Tun da fasinja a jirgi yake kwana, a nan kuma yake cin yawancin abincinsa, masu otal da gidajen abinci ba sa samun abin da za su samu daga baƙon da ya zo da mota ya yi mako. Abin da ke shiga aljihun gari shi ne kuɗin tasha da harajin baƙi da cinikin shayi da tsaraba da tikitin gidajen tarihi. A ɗaya ɓangaren kuwa, waɗannan baƙi ba sa cunkushe tituna da motoci, kuma suna ratsa ƙauyukan da ke nesa da bakin teku, inda sauran masu yawon shaƙatawa ba safai suke leƙawa ba.

Makomar sana'ar tana ɗaure da makomar madatsun. Tsawon ruwan teku yana ƙaruwa, kuma tun shekarar 2010 ƙasar ta naɗa kwamishina na musamman mai kula da shirin kare yankin, wanda ke gabatar wa majalisa tsarin aiki a kowace shekara. Idan ruwa ya ci gaba da hauhawa, za a riƙa rufe ƙofofin Oosterschelde fiye da yadda ake yi yanzu, wannan kuwa zai shafi masu kiwon Yerseke da jiragen dako da na fasinja baki ɗaya. Mai jirgin da ke shirin cin bashi don sabunta ɗakunansa dole ne ya sanya wannan a cikin lissafinsa, tare da farashin mai da yawan baƙin da ake sa ran za su zo daga Jamus.