Agogon gudu na sayen kasuwa: Kafin a ce jabu ne, a fara auna taya

Duk ɗan kasuwar da ke sarin kayan gyaran babura a Abijan, babban birnin kasuwancin ƙasar Kwaddebuwa, ya san irin rigimar da agogon gudu ke jawowa. Za ka sayar wa mutum sabon agogo dal a kwalinsa, ya ɗaura a babur ɗinsa, bayan kwana biyu ya dawo ransa a ɓace, wai agogon ƙarya yake yi, a mayar masa da kuɗinsa. Idan a Ajame ne ko Tireshbil abin da sauƙi, domin dilan da ya ba ka kayan yana kusa. Amma wanda ya ɗauko katan guda ya ratsa Burkina Faso da shi har Birnin Ƙwanni ko Illela ko Jibiya, wa zai mayar wa? Asara ce ta hau kansa, ga kuma zubewar mutunci a idon abokan ciniki.

Abin da muke son jan hankalin 'yan uwa a kansa a wannan mako shi ne, da yawa daga cikin agogunan da ake dawowa da su lafiyarsu ƙalau, saiti ne kawai ba a yi musu ba.

Kamar yadda mai karatu ya sani, a ɓangaren Tireshbil ne tashar jiragen ruwan Abijan take, wadda aka buɗe a 1951, kuma ta nan kwantenonin kayan gyara daga Sin da Indiya da Dubai ke sauka. Daga nan sai kaya su haye gada zuwa Ajame, inda manyan tashoshin mota da kasuwannin sari suke, inda kuma Hausawan Nijar da Nijeriya suka daɗe suna neman halalinsu. Cikin waɗannan kaya akwai agoguna masu lambobi da ake ɗaurawa a babur, da keke mai ƙafa uku, da kuma babur mai ƙafa huɗu da masu jin Faransanci ke kira kwad, wanda ake hayarsa a bakin teku a Asini da Giran Basam, ake kuma shiga gonaki da shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi kowanne rikici wajen saiti, saboda dalilin da za mu gani a gaba.

Da farko ya kamata mu fahimci cewa agogon gudu ba ya ganin hanya. Juyin taya kawai yake ƙirgawa. Akan manna ɗan maganaɗisu a jikin abin da ke juyawa tare da taya, sannan a ɗaure wata 'yar na'ura da makanikai ke kira sansa kusa da shi. Duk lokacin da maganaɗisun ya gifta ta gabanta, sai ta sanar da agogo cewa taya ta zagaya sau ɗaya. Shi kuma agogon sai ya ninka wannan da lambar da aka shigar masa, wato tsawon kewayen taya a milimita. In lambar ba daidai ba ce, duk abin da zai nuna ba daidai ba ne, komai tsadarsa.

Ga misali. Tayar kwad mai tsayin inci 22 kewayenta kusan milimita 1,755 ne, mai inci 25 kuwa kusan 1,995. To a ce agogon ya zo da saitin ƙaramar, aka ɗaura shi a kan babbar. Mai tuƙi zai ga 60 a gabansa alhali yana gudun kilomita 68 a sa'a, kuma in ya yi tafiyar kilomita 100, agogon 88 zai rubuta. Haka abin yake a babur mai ƙafa biyu: tsakanin taya mai lamba 2.75-17 da mai lamba 3.00-18 akwai bambancin kusan kashi 7 cikin ɗari.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? A Abijan dai akwai abu a ciki. Tun watan Satumba na 2021 hukuma ta fara amfani da kyamarori a manyan tituna wajen kama masu karya doka, sai dai mai abin hawa ya ga saƙon tara a wayarsa. A watan Maris na 2023 kuma aka shigo da lasin mai maki 12, wanda ake zaftarewa idan an aikata wasu laifuka. Ka ga wanda agogonsa ke rage masa gudu, aljihunsa da lasinsa ne za su ji a jikinsu. Bugu da ƙari, da wannan ƙirgen ne ake sanin lokacin juyen baƙin mai da lissafin fetur, da shi ne kuma mai babur ke gane nisan da yaronsa ya yi a yini. Ba a banza ba dokar da ƙasashen Turai ke bi ta hana agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudu, ta dai yarda ya ɗara da abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 ba.

Yadda ake saitin ba shi da wuya, alli da tef ɗin awo kawai ake buƙata. A fara ba taya iskar da aka saba hawa da ita. A samu daɓe ko kwalta mai laushin tafiya, a yi alama a gefen taya daidai inda ta taɓa ƙasa, a yi wata a ƙasan. Mai babur ya hau ya zauna, a tura shi a miƙe har alamar ta zagayo sau uku, a auna tazarar, a raba gida uku. Abin da ya fito shi za a shigar. Kada a dogara da lambar da ke rubuce a jikin taya, musamman ta kwad, domin iskarta kaɗan ce ƙwarai, nauyin mutum kaɗai na sa ta lotsa kewayenta ya ragu, haka ma in ta cinye.

Bayan haka sai gwaji. A buɗe manhajar da ke auna tafiya da tauraron ɗan Adam a wayar hannu, a yi tafiyar kilomita 10 a hanya miƙaƙƙiya. In agogo ya rubuta 8.8, sai a ninka tsohuwar lambar da 10, a raba da 8.8. A misalinmu na sama, 1,755 zai koma kusan 1,994. Wanda ba shi da irin wannan waya sai ya yi amfani da turakun kilomita na gefen titi: in ka ci kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 60 cif, gudunka 60 ne. A yi gwajin a kan tsandauri, domin a cikin rairayi ko taɓo taya kan yi ta juyawa a wuri ɗaya, agogo kuwa yana ta ƙirga.

Sauran cututtukan ma kowace da alamarta. In agogo na nuna 37 alhali ana gudun 60, to a mil yake, domin mil ɗaya kilomita 1.6 ne, maɓalli kawai za a danna. In yana ninka gudu biyu cif, maganaɗisu biyu aka manna aka bar saitin a kan ɗaya. In ya kama wuta amma ya tsaya a sifiri, a duba tazarar sansa da maganaɗisu, kada ta wuce 'yan milimita kaɗan, a kuma juya fuskar maganaɗisun, domin wasu sansa fuska ɗaya suke ji. In lambobi na tsalle idan an taka wuta ko da babur yana tsaye, wayar sansa ce ta bi kusa da wayar fulogi ko kwayil, sai a canja mata hanya, a kuma sa fulogi mai harafin R a lambarsa. In yana mutuwa yana farfaɗowa a gargada, a nemi wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfe, mai yiwuwa ta saki ko ta yi tsatsa, abin da ba baƙo ba ne a danshin Abijan da iskar gishirinta. In kuma agoguna biyu suka ƙone a jere a babur ɗaya, laifin na cajin babur ne, ba na kayanka ba.

Shi kuwa tsohon agogo mai allura da kebul, ba a shigar masa da lamba. A ƙasan fuskar wasu za ka ga an rubuta cewa juyi 1,400 a minti shi ne gudun 60. Dole wannan ta dace da giyar da ke cibiyar tayar gaba, in ba haka ba babu gyara sai canji. Allurar da ke rawa kuma, kebul ne ya bushe ko ya lanƙwashe.

Shawararmu ga masu sari ita ce, kafin a biya kuɗin katan a Ajame ko Tireshbil, a buɗe ɗaya a haɗa shi da batir, a gifta maganaɗisu a gaban sansa a ga ko lambobi za su motsa. A tabbata ana iya canja lambar taya, domin akwai masu araha da ba a iyawa. A karɓi takardar bayani, a koya wa yaron shago awon taya, a kuma tambayi mai saye girman tayarsa kafin a miƙa masa kaya.

A ƙarshe akwai maganar amana. Wanda ya iya saita agogo ya iya rage masa kilomita don tsohon babur ya zama kamar sabo. Wannan algus ne, daidai yake da tauye mudu, kuma kasuwar kan iyaka ƙarama ce, labari ba ya kwana. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai matafiyanmu gida lafiya.