Tsohuwar mota da zafin bazara

Yara, kun taɓa ganin Renault 4? Ƙaramar mota ce, an fara ƙera ta a Faransa a shekara ta 1961. Ƙofarta ta biyar tana baya, ɗaga ta ake yi a saka buhun hatsi.

Mai irin wannan tsohuwar mota ba ya fita sai ya duba ruwa da baƙin mai. Ruwan nan shi ke sanyaya inji. In ya ƙare da bazara, tsakanin Maraɗi da Damagaram, inji ƙonewa zai yi.

Da direba ya ga tururi, sai ya tsaya ya kashe mota. Kada ya buɗe murfin ruwa nan take, tafasasshen ruwa zai watso masa a fuska. Sai ya nemi inuwa ya zauna har inji ya huce.