Ranar Da Aka Tambayi Ƙanwata Sunan Mijinta

Jama'a, da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane a Amurka wanda ya bar mata a gida, tana jiran ranar da za a kira ta ganawa a ofishin jakadanci. Ni na raka ƙanwata wannan ganawa a Cantonments, nan Ankara, cikin shekarar 2023, kuma abin da na koyo ya kamata in faɗa muku.

Kafin ranar ta zo, mijin ya riga ya yi nasa aikin. Direban tasi ne a Bronx, yana da takardar zama ɗan ƙasa. Shi ya cika fom I-130 na neman matarsa, ya kuma sa hannu a I-864, wato alkawarin zai riƙe ta, tare da shaidar cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na can. Ita kuwa ta cika DS-260, ta je gwajin likita, ta karɓo takardar 'yan sanda. Duk wannan gajiya ce kawai da kashe kuɗi.

Inda gizo ke saƙa shi ne auren kansa. Jami'in da ke bayan gilashi abu ɗaya yake nema: auren nan na gaskiya ne, ko na biza? Tun 1986 Amurka ta tsananta doka kan auren ƙarya. To amma ma'aunin da yake aunawa da shi ba namu ba ne.

Ya ce ta faɗi cikakken sunan mijinta. Sai ta sunkuyar da kai. 'Yar Zango ce da aka tarbiyyantar, tun da aka ɗaura ba ta taɓa kiran sunansa ba, Maigida take cewa. A wurinmu kunya ce, a wurinsa kuwa mai yiwuwa alamar wadda ba ta san mutumin ba. Da ƙyar ta furta.

Sannan ya nemi hotuna. Ta miƙa na ɗaurin aure a Nima, watan Maris 1921 ba, 2021 nake nufi, kada masu gyara su yi mini dariya kamar ɗalibaina. Ga maza a kan tabarmi, ga liman, ga goro, amma babu amarya, babu ango. Amarya tana cikin gida kamar yadda aka saba, ango kuwa yana New York, wansa ne ya karɓa masa. A shari'armu aure ya ɗauru sarai. A dokar shige da fice ta Amurka, auren da aka ɗaura ba tare da ma'auratan suna wurin tare ba, ba a lissafa shi sai sun tare bayan ɗaurin. Wannan ni kaina, da duk karatuna, ban sani ba.

Allah ya taimake ta mijin ya zo gida wata biyar bayan ɗaurin, aka yi biki, suka zauna wata biyu, sannan ya koma ya cika takardu. Sai dai ba ta riƙo shaidar zuwansa ba. Aka ba ta takarda mai lamba 221(g), wadda ke nufin ba a gama ba, sai an kawo ƙarin hujja. Ta fito tana kuka, tana cewa, "Yaya, sun hana ni." Na karanta, na ce ba hanawar har abada ba ce. Mijin ya aiko da hoton hatimin shigowa Ghana da ke fasfonsa da tikitin jirgi, muka haɗa da hotunan kai amarya.

Abu biyu kuma da iyaye ke sakaci da su. Takardar da masallaci ya rubuta daban, rajistar gwamnati daban. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda, amma a Zangonninmu ɗaurin aure nawa ake kaiwa ofis? Na biyu, Amurka ta hana shigowar masu auren mace fiye da ɗaya tun 1891. Wanda yake da uwargida ba zai iya neman wa amarya wannan biza ba, kuma wanda ya yi saki sai ya nuna takardar sakin.

Bayan 'yan makonni aka buga mata biza. Da yake auren ya wuce shekara 2 kafin ta shiga ƙasar, katin zama na shekara 10 ta samu, ba na wucin gadi mai shekara 2 ba. Ni na kai ta filin jirgi da jakunkuna biyu, ɗaya kusan duk daddawa ce da kuka.