Alƙalamin feshi da man ƙyalli: Hajar da ba a saye sai an san ta

Jama'a masu karatu, musamman 'yan kasuwarmu na Birnin Konni, Illela, Ɗan Isa, Jibiya da Maigatari, a wannan karon za mu tattauna ne kan wata 'yar haja da ke shigowa cikin kwalayen kayan fenti daga ƙasar Sin, wato alƙalamin feshi da injin iskarsa, da kuma man ƙyallin da ake shafawa a kan fenti, wanda wasu ke kira banish. Kayan ba su da nauyi ko cin wuri a rumfa. Sai dai duk wanda ya sare su bai san halinsu ba, to yana iya ganin jarinsa ya daskare a cikin gwangwani, ko kuma ya ja wa kansa da maƙwabtansa abin da ya fi asarar kuɗi.

Cikin masu amfani da wannan haja akwai masu wata sana'a da ta yi ƙarfi a Japan da Turai da Amurka, wato haɗa ƙananan samfuran motoci da jiragen sama da na ruwa. Idan mai karatu ya tuna motar kara ko motar langa-langa da yara ke ƙerawa a unguwa, to kusan haka abin yake, illa dai su manya ne ke yi, kuma da awo. Mota ana rage ta ne kashi 1 cikin 24, tankar yaƙi kashi 1 cikin 35, jirgin sama kuwa kashi 1 cikin 72. Kamfanin Airfix na Ingila, wanda aka kafa a 1939, da kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya fara da harkar katako a 1946, suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage. Har yanzu kowace shekara a watan Mayu ana yin babban baje kolin irin waɗannan kaya a Shizuoka.

To da yake motar da ba ta wuce tafin hannu ba buroshi kan ɓata ta da layi-layi, sai masu aikin suka koma ga alƙalamin feshi. Wannan 'yar bindigar fenti ce mai girman biro, wadda aka fara ƙirƙiro ta a Amurka tun wajen 1879. A cikinta akwai siririyar allura da ɗan bakin da faɗinsa bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.5 ba. Iska ce ke jan fentin ta watsa shi kamar hazo. Iri biyu ne: akwai wanda danna maɓalli kawai ake yi fenti ya fito, akwai kuma wanda idan an danna iska ke fita, idan an ja baya sannan fenti ya biyo. Na biyun ya fi tsada, kuma shi ƙwararru suka fi so. Manyan sunaye a nan su ne Iwata na Japan, da Badger da Paasche na Amurka, amma mafi yawan wanda ke isowa gare mu kwaikwayonsu ne mai araha.

A yankinmu masu haɗa irin waɗancan samfura ba su da yawa. Masu neman kayan su ne masu rubuta allunan talla, masu yi wa babura ado, ɗaliban zanen gine-gine, masu kwalliyar amare da masu yin kek. Saboda haka ɗan kasuwa ya tambayi mai saye aikin da zai yi kafin ya miƙa masa kaya. Alƙalamin da ya taɓa shan fentin mota bai halatta ya kusanci abinci ko fuskar mutum ba, kuma kalar kek da ta kwalliya daban suke da fenti.

Abu na farko da ya kamata mai sari ya lura da shi shi ne kayan gyara. Allura da ɗan bakin nan su ne ke saurin lalacewa, faɗuwa ɗaya kan lanƙwasa allurar. Wanda ya kawo alƙalami babu allura da baki na canji, zai sha rigima da masu saye cikin 'yan makonni. Haka injin iskar: wanda ke da ɗan tanki da matatar ruwa ya fi, domin iskarsa ba ta yankewa, kuma ba ya tofa ɗigon ruwa a kan aiki. Ƙarfin iskar da ake buƙata kaɗan ne, tsakanin ba 1 zuwa 2. A kuma duba jikin injin a tabbatar na wuta 220 ne, don wanda aka yi wa Amurka ko Japan zai ƙone da zarar an jona shi.

Abu na biyu shi ne man ƙyallin kansa. Kashi huɗu ne. Akwai akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa ko sinadarinsa, shi ne mai sauƙin wari. Akwai inamel mai jinkirin bushewa. Akwai laka mai ƙarfi da ake sirkawa da tina, mai saurin bushewa. Sai kuma na masu fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake rubuta 2K a jikinsa, ana gauraya shi da sinadarin da ke sa shi tauri. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce, mai sanyi yana hawa kan mai zafi, amma mai zafi ba ya hawa kan mai sanyi. Idan aka fesa laka da yawa a kan inamel, sai fentin ƙasan ya yamutse. Mai saye ba zai ce shi ya yi kuskure ba, cewa zai yi an sayar masa da jabu. Shi kuwa 2K da zarar an haɗa shi, lokacinsa ƙidayayye ne, abin da ya rage zai daskare, ba ya ajiyuwa.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A lokacin bazara fenti kan bushe a iska kafin ya isa jikin aiki, sai ya fito da kaushi. A damina laima kan sa man ƙyalli ya yi fari-fari kamar gajimare. A hunturu kuwa ƙura ce ke manne masa. Ɗan kasuwar da ya iya gaya wa mai saye ya yi feshi da sassafe, a wuri mai tsabta, shafi siriri sau biyu ko uku maimakon mai kauri sau ɗaya, ya samu abokin ciniki na dindindin.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne rai da lafiya. Gwangwanayen feshi suna ɗauke da gargaɗin kada zafi ya kai musu digiri 50. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa kan haura digiri 40, ballantana cikin shagon kwano a rufe ko bayan motar da ta kwana biyu a layin kwastan. Tina da laka tururinsu kaɗai ya isa ya kama da wuta. Manyanmu ba su manta da gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 ba, haka ma ta kasuwar Sabon Garin Kano ta 2016. Ba muna cewa fenti ne ya haddasa su ba, amma sun nuna yadda wuta ke cin kasuwa idan ta samu abin ci. A ajiye waɗannan kaya a ƙasa, cikin inuwa, nesa da janareto da jarkokin fetur da masu shayi.

Haka nan sinadarin da ke cikin 2K yana haifar da ciwon asma mai wuyar rabuwa da mutum. Rawani ko takunkumin ƙyalle ba sa tare shi. Ko laka ma tana buƙatar abin rufe hanci mai matatar gawayi da wuri mai iska. Yawancin masu riƙe bindigar feshi a garejojinmu yara ne masu koyon aiki, 'ya'yanmu da ƙannenmu. Wanda ke sayar da man ƙyalli ya haɗa da sayar da abin rufe hancin, ya kuma faɗa wa maigidan gareji gaskiya.

Shawararmu ga mai son gwada wannan haja ita ce ya fara da kaɗan, ya nemi wani mai fenti ya jarraba masa kowane iri a kan guntun roba ko ƙarfe, ya riƙa karanta abin da ke jikin gwangwani ko ya sa a karanta masa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya tsare mu daga gobara da asara, amin.