Salla Ɗaya Ba Ta Da Limami Biyu: Bayanin Sauya Wuta A Motar Kwana

 A ƙasar Amurka akwai wata irin mota wadda a ke gina ta tamkar ɗaki, da gado da murhu da firji da makewayi a cikinta, mutum ya ɗauki iyalinsa su yi ta yawon ƙasa suna kwana inda dare ya riske su. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fitar da tasa ta farko a shekarar 1966, yau kuwa galibinsu a garin Elkhart da kewayensa, cikin jihar Indiana, a ke ƙera su.

Wutar lantarkin motar nan ta hanya biyu ta ke zuwa. Idan matafiyi ya sauka a zango, akwai turke mai soket a kowane masauki, sai ya ja waya ya jona. Wannan ita su ke kira wutar gaɓa, sunan da suka aro daga ma'aikatan jirgin ruwa. Ƙaramin turke ya kan ba da bolt 120 da amfiya 30, wato wat 3,600. Babban kuwa, mai amfiya 50, ya kan kai wat 12,000. Idan kuma a daji ya kwana, to, sai ya dogara da batir mai bolt 12 da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida.

To, ga inda hatsarin ya ke. Wutar gida a Amurka gaba da baya ta ke yi, sau 60 cikin sakan ɗaya. Ta inbata ma haka ta ke yi, amma takunsu ba lalle ya zo ɗaya ba. In suka haɗu a waya guda, wannan na turawa wancan na ja, sai inbata ta ƙone, waya ta narke, wani lokaci har gobara ta tashi. Na biyu ya fi wannan muni. In inbata na aiki alhali ba a raba ta da wayar waje ba, wutarta za ta koma da baya, haƙoran fulogin da ke yashe a ƙasa su zama ajalin wanda ya taɓa. In kuwa fulogin na jone da turke, aka ɗauke wutar gari, sai ta bi layi ta shiga taransifoma, shi kuwa ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta sami ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton layi a mace ya ke. Saboda irin wannan ne a shekarar 2022 hukumar kiyaye lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wayar nan mai fulogi a kowane baki, wadda wasu ke cusa wutar janareta cikin soket da ita.

Maganin abin shi ne makunnin sauyi, wanda masu gyaran wuta ke kira canji-oba. Malamai sun san hukuncin istikhlafi: in alwalar liman ta warware, ja da baya ya ke yi kana wani ya shiga gaba, ba a taɓa samun limami biyu suna jan sahu ɗaya. Haka makunnin nan ya ke: sai ya yanke ɗaya tukuna, sa'an nan ya haɗa ɗayar. Akwai na hannu, akwai mai sauya kansa, amma sharaɗin duka guda ne, kada ƙofa biyu su buɗe tare.

Ga tsarin da masana suka shimfiɗa wa mai isa zango. Da fari ya kashe manyan kaya, kamar na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwa, domin sauya wuta da nauyi a kai shi ke ƙona bakin makunni. Sa'an nan ya gwada turke da ma'auni, ya tabbata ƙarfin wutar daidai ne, ba a kuma juya wayoyinsa ba, gama turken da wayar ƙasarsa ta tsinke ya kan bar jikin mota da wuta. Ya kashe makunnin turke, ya cusa fulogi, kana ya kunna. Ran tashi kuwa sai ya bi tsarin nan daga ƙarshe zuwa farko.

Akwai sauran abu biyu. Cajar da ke cika batir da wutar gaɓa, tilas a cire ta daga layin inbata, in ba haka ba batir zai riƙa cajin kansa da kansa, kamar mai biyan bashi da bashi, kafin asuba ya ƙare. Kuma kayan da ke cin wat 1,200, amfiya 10 kurum su ke ja a turke, amma a wajen batir sun zarce amfiya 100. Don haka wayar batir sai mai kauri, da fiyus kusa da kansa.

Motar kwana dai ba ta yawaita a ƙasar Hausa ba, amma mas'alar tana nan cikin shaguna da masallatai da makarantun allo, duk inda aka tara wutar gari da inbata ko janareta. Bolt 230 ne a nan, hukuncin kuwa bai sāke ba. Wanda ya ƙi sayen canji-oba don tsimin kuɗi kaɗan, ya jona waya kai tsaye, ya sani ba dukiyarsa kaɗai ya sa a hatsari ba, har da ran wani bawan Allah da bai san shi ba, kuma haƙƙin rai ba ya faɗuwa don an ce ba da gangan ba ne. A nemi gwani ya haɗa, a biya shi haƙƙinsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyashe mu da gobara da mugun tsautsayi, amin.